Kulle farashi a Django bayan an amince da rasit

ɗan_shago: Salam 'yan uwa, ina haɗa manhajar shago da Django (tsarin gina manhajar yanar gizo da Python), so nake da zarar manaja ya amince da rasit kashiya ya daina iya taɓa farashi, amma a bar masa sauran guraben. Ya zan yi?

maikwamfuta: Wslm. A ModelAdmin (mai tsara shafin admin na Django) ka rubuta get_readonly_fields, mai dawo da jerin guraben da ba a iya gyarawa, in an amince kuma request.user (wanda ya shiga manhajar) ba manaja bane sai ka saka farashi cikin jerin da zai dawo. Kula fa, wajen sabon rasit obj (rasit ɗin da ake gyarawa) None ne, wato babu komai, in baka duba ba zai watse maka.

yar_kod: Malam wannan admin kawai ya kulle, mai shigowa ta API (hanyar da wasu manhajoji ke magana da taka) zai canza abinsa hankali kwance. Sa sharaɗin a validate na serializer (mai tantance bayanan da aka turo ta API a Django REST Framework), kuma matsayin da ke self.instance (rasit ɗin da ke ajiye) zaka duba, ba wanda aka turo ba.

ɗan_shago: Kai, wallahi shaf na manta da API ɗin. Nagode.