Kitsen ƙarƙashin haɓa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Maman ƴan biyu, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da na yaye ƴan biyuna wani kitse ya taru mini a ƙarƙashin haɓa, in na sunkuya har ninkewa yake a kan wuyan riga. Ranar bikin ƙanwata a Birni aka ɗauke mu hoto, da na ga kaina daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Wata mai talla ta sayar mini da wani mai jaka uku, wai in riƙa murzawa safe da dare. Wata biyu ke nan, kwalba ta ƙare, haɓa tana nan yadda take. Don Allah duk wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mini gaskiyar abin da ya yi.

Malamar makaranta, Zango:
Wa'alaikumus salam ƴar'uwa. Ni ma na sha wannan wahalar. Na tauna cingam har muƙamuƙina ya riƙa ciwo, na yi ta ɗaga kai sama ina tura leɓe kamar yadda ake nunawa a waya, ban ga komai ba. Daga baya na gane cewa jiki ba ya zaɓen wuri ɗaya ya narkar da kitsensa don kin motsa wurin. In zai rage, ko'ina yake ragewa tare.

Abin da ya taimake ni lissafi ne. Na zauna na ƙirga sukarin da nake sha a yini: shayin safe cokali uku, fura da rana cokali huɗu, ga shayin maigida da dare kofi uku, ga lemon kwalba in an yi baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce wajen giram 50 na sukari a yini, kimanin ƙananan cokula 12 ke nan, ni kuwa kafin in kwanta na wuce nawa. Na daina sa wa fura sukari, na rage tuwon dare, na fara tafiyar ƙafa bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, daga gida zuwa wajen kasuwar Dole in dawo. Cikin wata bakwai na sauko daga kilo 84 zuwa 77. Ban lura da haɓata ba sai ranar da wata abokiyar aiki ta ce, "Malama, fuskarki ta fito." Bai tafi duka ba, amma ya ragu sosai.

Tela daga Garin Malam:
Hajiya, ki duba yadda ake ɗaukar hoton ma. In mai ɗauka ya riƙe waya ƙasa da fuskarki, ko siririn yaro sai ya fito da haɓa biyu. Ni yini nake a duƙe kan keke, na saba da sunkuyar da kai. Da na koyi miƙe wuya, aka kuma riƙa ɗaga wayar daidai ido, rabin abin da ke damuna ya tafi.

Amaryar bara:
Yaya, tambaya ɗaya zan yi miki, kada ki ji haushi. Kin taɓa shan ƙwayar ƙiba? Ina tambaya ne don abin da ya same ni.

Wata uku kafin aurena aka yi ta ce mini na bushe, amarya ba ta shiga ɗaki haka. Wata ƙawata ta kawo mini ƴan ƙananan ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe, ko takarda babu. Sati biyu na fara cin abinci kamar ba ni ba, kowa yana yaba ni. Bayan biki abin ya juya. Fuskata ta zama kamar faifai, haɓa ta cika, wani tudun kitse ya fito mini a bayan wuya, amma ƙafafuna da hannuwana suna nan sirara. Cikina ya yi wasu zane-zane jajaye, ga ƙishirwa da yawan fitsari da dare.

Da maigidana ya kai ni asibiti, likita yana kallon fuskata ya ce in kawo abin da nake sha. Deksametazon ne, maganin da ake ba masu asma da kumburi na ɗan lokaci. Ya ce in aka daɗe ana sha yana tara kitse a fuska da wuya da ciki, yana tayar da sukari da hawan jini, yana kuma cin ƙashi. Na ce to yau zan zubar da shi. Ya ce kul, wanda ya daɗe a kai ba ya yankewa rana ɗaya, jiki zai iya faɗuwa gaba ɗaya, don ya daina yin nasa sinadarin. Shi ya riƙa rage mini kaɗan-kaɗan. Sai da na yi kusan shekara fuskata ta dawo, zanen ciki kuwa har yau yana nan. Ina roƙon iyayenmu mata su daina matsa wa ƴaƴansu da maganar rama.

Ma'aikaciyar jinya:
Allah ya saka wa amarya da alheri, ta faɗi abin da muke gani. Zan ƙara abu ɗaya: ba duk cikar wuya ba ce kitse. Gwaggona ta shekara tana cewa ƙiba ce, ashe maƙoƙo ne. Ki tsaya gaban madubi, ki ɗaga kai kaɗan, ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Kitse yana nan daidai ƙarƙashin haɓa, da taushi, kina iya kama shi da yatsu biyu. Maƙoƙo yana ƙasa, gaban maƙogwaro, kuma in kin haɗiye sai ki ga ya hau ya sauko. In kin ga haka, ko muryarki ta dushe, ko haɗiya tana yi miki wuya, ki je a auna jini a yi miki eko, wato hoton cikin wuya. Ƙarancin aidin ne ke yawan kawo shi, shi ya sa muke cewa a sayi gishiri mai aidin, a rufe shi, kada a bar shi a rana.

Maganar allurar narkar da kitsen haɓa kuma da ake tallatawa, akwai ta gaskiya. Sunanta Kybella, a 2015 aka amince da ita a Amurka. Likita ne ke yi, sau da yawa ana maimaitawa wata-wata, wurin yana kumbura, kuma in ta taɓa jijiya baki yana iya karkacewa na wani lokaci. Duk wadda ta ce za ta yi miki irinta a ɗaki, ki tashi ki ba ta wuri.

Hajiya daga Birni:
Ɗiyata, namu na gado ne. Mahaifiyata siririya ce har ta koma ga Allah, amma tana da shi, ni ma da na haura hamsin fata ta saki ya fito. Azumi talatin bai taɓa rage shi ba. In naki irin wannan ne, kada ki kashe kuɗin cefane a kansa.

Maman ƴan biyu, Sabon Gari:
Na gode muku ƙwarai. Na yi gwajin ruwan, babu abin da ya motsa, alhamdu lillahi. Amma maganar amarya ta tsaya mini a rai. Bayan yaye na rame ƙwarai, aka kawo mini irin ƙwayoyin nan a leda, kuma har jiya da dare na sha. Ban taɓa haɗa su da haɓata ba. Ba zan yanke da kaina ba tunda kin gargaɗe ni, ƙanwata. Na nuna wa baban yara saƙonki, ya ce Litinin da safe zai kai ni asibiti. Na riga na sa ledar a jaka don likita ya gani da idonsa.