Musayar Waƙa: Wa Zai Raba Gadon Gidan Zango a Kumasi, Ghana?

Malam Na-Aboabo:
In mutum ya cika, a fara da jana'iza,
Sai bashi, ko sidi guda ne a biya,
Wasiyya sulusi ne iyakarta,
Magaji ba shi da ko sisi cikinta,
Mata tumuni ne in akwai 'ya'ya,
Namiji rabon mata biyu, haka aya ta faɗa.

Lauyan Asawase:
Malam, ka ja baƙi ka bar fassara,
Alƙalin Kumasi ba ɗalibinka ba ne a zaura,
Wanda ya tafi bai bar takarda ba,
Doka ta 111 ta 1985 ce za ta raba:
Gida in guda ne, na mata da 'ya'ya,
Saura kashi 16, uku na mata, tara na 'ya'ya,
Biyu iyaye, biyu al'ada ta ɗiba.

Hajiya Mai Koko: Lauya ya kayar! Malam, a sha ruwa.

Ɗan Alabar: Kayarwar me, Hajiya? Ɗango na huɗu ɗingishi yake. "'Ya'ya" sau biyu a jere kuma ba amsa-amo ba ne, lalaci ne.

Lauyan Asawase: Kai ƙirga gaɓa, ni gidan marayu nake ƙirgawa.

Ɗan Alabar: To rera 1985 mu ji karin da ta hau.

Malam Na-Aboabo:
Mai baƙar riga, cinikinka rigima,
Ba ka ƙoshi sai 'yan'uwa sun yi husuma,
In dokarku takarda take nema,
Sai mu rubuta: a raba bisa fara'ili, a gama.

Lauyan Asawase:
Rubutun zaure bai isa ba, Baba,
Dokar wasiyya ta 1971 ka duba:
Sa hannu gaban shaidu biyu, zama guda,
Mai cin rabo kar ya shaida, rabonsa zai zuba,
Mai dangwala yatsa, a karanta masa ya gane,
Mai karantawar ya rubuta cewa haka ne,
Naɗa wasiyyi, ka fayyace wa zai samu me,
Ka kai Babbar Kotu ajiya a liƙe.

Hajiya Mai Koko:
Ku maza kuna ta gardama kan gida,
Jikan da ubansa ya riga kaka, wa ya tuna?
Baffanni sun tare shi, ba shi da gado,
Daga sulusin nan za a yanka masa, ko a bar shi da ido.
Takardar magada ta SSNIT, hukumar fansho, ma ku je ku sabunta,
Sunan matar da aka rabu da ita tuni yana nan a kanta.

Malam Na-Aboabo: Hajiya ta faɗi fiƙihu tsantsa. Ƙari ɗaya: kyautar fili da baki, ba a damƙa ba har mai shi ya rasu, ta koma cikin gado.

Ɗan Alabar: Malam ma ya sauka daga waƙa ya koma zube. Lauya, har yanzu ina jiran 1985.