Yaya ake zana hanyar fayiba mai araha wadda tsinkewar waya ɗaya ba za ta durƙusar da ita ba?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum, malamai. Aikina na kammala digiri a kan haɗa garuruwa 30 ne da wayar fayiba. Na bi hanyar Kruskal, wato ɗaukar wayoyi daga mafi araha ana tsallake duk wadda za ta haɗa garuruwan da suka riga suka haɗu, na samu haɗi mafi araha, sai malamin da ke duba aikin ya ɗora biro a kan waya guda ya ce idan katafila ta tsinke ta wajen aikin titi, rabin garuruwan sun rasa sadarwa. Shin akwai algoridim, wato tsarin lissafi mataki-mataki, mai sauri da zai samar da hanyoyi biyu waɗanda ba su haɗa waya ko ɗaya ba tsakanin kowaɗanne garuruwa biyu, a kuɗi mafi ƙanƙanta?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Har yau ba a san hanya mai sauri da ke fitar da ainihin mafi araha a kowane hali ba, shi ya sa ake neman na kusa da shi. A 1998 Kamal Jain ya nuna cewa idan aka sassauta lissafin, aka bar kowace waya ta ɗauki rabo tsakanin 0 da 1 maimakon a ce a saya ko a bari, to a amsar da ke kan kusurwa, wato wadda ba ta faɗo a tsakanin wasu amsoshi biyu ba, dole a samu wayar da rabonta ya kai rabi ko ya fi. Sai a saye ta gaba ɗaya, a sake lissafa abin da ya rage, har buƙata ta cika. Tunda ba a biya fiye da ninki biyu na rabon kowace waya ba, jimillar kuɗin ma ba za ta wuce ninki biyu na mafi araha ba. Nauyin wannan hanyar shi ne maimaita lissafin. Da yake buƙatarka hanyoyi biyu ce tsakanin kowaɗanne garuruwa biyu, hanyar Khuller da Vishkin ta 1994 tana ba da wannan tabbacin cikin sauri.

Ma'aikaciyar Sadarwa:
Ɗalibi, ka kula da abin da taswira ke ɓoyewa. Na sha ganin wayoyi biyu da aka ƙirga daban a takarda alhali rami ɗaya aka binne su a gefen gada, haƙa ɗaya ya tafi da duka. A Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace lokaci guda a kusa da gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya tsaya cak ga jama'a da dama a Najeriya da Gana. Ka ɗauki ramin a matsayin abin da ke yankewa, ba wayar kaɗai ba.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode, Hajiya. Na duba zanena yanzu, wayoyi uku gada ɗaya suke bi. Malam, shin tabbacin ninki biyun yana nan idan na ƙirga su a matsayin abu guda?