Shin akwai adalci a jera 'yan takara goma a dandali ɗaya?

Tsohon ɗan jarida: Assalamu alaikum. Zan faɗi matsayina tun farko domin mai ja ya san da abin da yake ja. Muhawarar da gidajen talabijin na Amurka ke shirya wa masu neman jam'iyya ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa, wadda ake jera mutum goma a dandali ɗaya, ba ta cancanci sunan muhawara ba, kuma babu adalci a cikinta. A watan Yunin 2019 jam'iyyar Democrat ta tara mutum 20 a Miami, aka raba su dare biyu, goma-goma, aka ba kowa daƙiƙa 60 ya amsa tambaya. Wa zai iya bayyana yadda zai gyara kiwon lafiyar ƙasa mai mutane sama da miliyan 300 cikin minti ɗaya? A dare na biyu Joe Biden ya sami kimanin minti 13, Andrew Yang kuwa kimanin minti uku, alhali ƙa'ida ɗaya ce ta kawo su wurin. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Malamar tarihi: Wa alaikumus salam, Baba. Na yarda minti ɗaya ya yi kaɗan, amma ban yarda maganin shi ne rage mutane ba, domin duk wanda aka ba wuƙar ragewa, da sanannu zai cika dandalin. A lokacin da ake waccan muhawara ta Miami saura fiye da wata bakwai a kaɗa ƙuri'ar farko a jihar Iowa, kuma ƙuri'ar jin ra'ayi a irin wannan lokaci ba ta auna komai sai wanda aka fi jin sunansa. A lokacin Pete Buttigieg magajin garin South Bend ne kawai, gari mai mutane kimanin 100,000, amma shi ya fi kowa samun wakilai masu zuwa babban taron jam'iyya na tsayar da ɗan takara a Iowa a 2020. Da an ce sai manya biyar za su hau dandali tun farkon shekara, ina mutum irinsa zai sa ran a ji muryarsa?

Tsohon ɗan jarida: Malama, ban ce a rufe ƙofa ba. Cewa na yi abin da ake kira dama a nan, ga mafi yawansu, tsayuwa ce ta awa biyu ana kallonsu.

Ɗalibin kimiyyar siyasa: Baba da Malama, ku gafarce ni in shigo tsakani. A ganina rashin adalcin yana faruwa ne tun kafin a kunna kyamara, wato wajen sharuɗan shiga. A zagayen farko na 2019 an ce ko dai ɗan takara ya sami kashi 1 cikin ɗari a ƙuri'un jin ra'ayi uku, ko ya tara masu ba shi gudummawa 65,000. Zuwa muhawarar Houston ta watan Satumba, sai aka nemi kashi 2 cikin ɗari a ƙuri'u huɗu da kuma masu gudummawa 130,000, duka biyun. An kafa sharaɗin gudummawar ne domin a auna goyon bayan talakawa, amma sai ya koma ciniki, inda 'yan takara ke zuba kuɗi a tallace-tallacen Facebook domin su samo wanda zai ba su dala ɗaya. A 2023, lokacin da jam'iyyar Republican ta nemi masu gudummawa 40,000, gwamnan North Dakota Doug Burgum ya riƙa ba da katin sayayya na dala 20 ga wanda ya ba shi dala ɗaya, kuma ya hau dandalin Milwaukee. Shi kuwa Steve Bullock, gwamnan Montana, ya shiga takara a makare a 2019 saboda yana jiran majalisar jiharsa ta kammala zama, sai aka bar shi a waje a muhawarar farko.

Malamar tarihi: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ɗana, kuma zan ƙara maka da wadda ta fi ci mini rai. A Disamban 2019 ɗan takara Cory Booker ya roƙi jam'iyyar Democrat ta sassauta sharuɗan, aka ƙi, shi da Julián Castro suka janye a watan Janairu. A ƙarshen wannan watan ne kuma aka soke sharaɗin gudummawa gaba ɗaya, abin da ya buɗe wa attajiri Michael Bloomberg hanyar hawa dandalin Las Vegas a ranar 19 ga Fabrairun 2020. Sai dai ka lura, wannan laifin masu canza ƙa'ida ana tsakiyar wasa ne, ba laifin yawan 'yan takara ba.

Hajiya mai sauraro: Ni abin da ke damuna a matsayin mai kallo shi ne abin da wannan tsari ke koya wa 'yan takara. Wanda ya san daƙiƙa 60 gare shi ba zai ɓata ta wajen bayani ba, zai zo da magana ɗaya mai zafi da ya haddace. Kamala Harris ta caccaki Biden a Miami kan tsohon matsayinsa game da jigilar yara a motocin makaranta domin cakuɗa baƙaƙe da farare, farin jininta ya tashi na 'yan makonni, amma a farkon Disamba ta janye kafin a kaɗa ko ƙuri'a ɗaya.

Malamar tarihi: Hajiya, tambayar da Harris ta yi tana da tushe, domin ta shafi abin da Biden ya yi yana sanata a shekarun 1970, kuma masu zaɓe suna da haƙƙin jin amsarsa. Tashin da ta yi ya sa aka ƙara bincikar manufofinta, kuma wannan ai aikin muhawara ne.

Tsohon ɗan jarida: To, mu haɗu a nan, Malama. A bar su duka su shigo, amma a raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar ta hanyar canke, a riƙa sauya rukunin kowane zagaye, a ɗauki batu ɗaya ko biyu a dare, a kuma sa agogon da kowa ke gani domin lokaci ya zo daidai. Ban yarda da tsarin Republican na Agustan 2015 ba, inda aka ware goma na sama a Cleveland aka tura bakwai muhawarar da aka yi tun da rana, domin wannan yanke wa mutum hukunci ne kafin a saurare shi.

Ɗalibin kimiyyar siyasa: Baba, shawarar ta yi, sai dai wa zai karɓe ta? Waccan muhawara ta Cleveland ta jawo wa Fox News masu kallo kimanin miliyan 24, kuma babu gidan talabijin da zai so a raba masa manyan 'yan takara dare huɗu. Haka kuma wanda ke kan gaba ba ya son a zaunar da shi da mutum uku su yi masa tambayoyi na awa biyu. A zagayen 2023 Donald Trump bai halarci ko ɗaya daga cikin muhawarorin jam'iyyarsa ba, kuma shi aka tsayar. Ina so in ji yadda za a tilasta wa irinsa zama a rukunin da canke ya ba shi.