Wai meye Hausar akauntabiliti ne?

Jama'a ku taimaka min. Jiya a rediyo na ji wani ɗan siyasa yana ta nanata akauntabiliti akauntabiliti, mai gabatarwa ya ce ranka ya daɗe a fassara mana, sai gogan ya ce ai riƙon amana kenan. Tun jiyan abin ke min yawo a kai don ni dai ban gamsu ba.

Riƙon amana hali ne, tsakanin mutum da Ubangijinsa, kana iya zama mai amana har ka mutu ba wanda ya taɓa tambayarka komai. Ita kuwa wannan kalmar nufinta akwai wanda yake da hurumin tsayar da kai ya ce ina kuɗin nan, me ka yi da su, kuma dole ka amsa, in amsar ba ta zauna ba akwai abin da zai biyo baya. Ina ga shi ya sa suke son fassarar amana, tana da daɗin faɗa a kan mumbarin kamfe kuma ba ta ba talaka damar buɗe baki.

Wani ya ce min hisabi. Ma'anar ta yi kusa sosai wlh, amma Bahaushe na jin hisabi sai hankalinsa ya tafi lahira, ya ce to a bar su da Allah, alhali mu tun a nan duniya muke so a yi lissafin. Wata 'yar uwa ta ce bin diddigi, shi kuma aikin mai tambaya ne ba na wanda ake tambaya ba. Keke-da-keke kuwa na yin abu a fili ne, wannan wata kalmar ce daban, a bar ta sai wani jiƙon.

Ni abin da ya kwanta min shi ne ba da ba'asi.

Ku dubi ma'ajin masallacin unguwarmu, dattijo ne da ba wanda ke zarginsa da ko kwabo, amma duk ƙarshen wata bayan isha'i sai ya miƙe da ɗan littafinsa mai murfin leda ya karanto, an tara kaza, man janareto kaza, gyaran famfon alwala kaza, saura kaza, har wani matashi ya ɗaga hannu ya ce Baba ina kuɗin tabarmin da aka ce za a saya, ya zaro rasit ya miƙa masa. Amanar tasa ce, ba'asin kuma haƙƙinmu ne. Kuma ai mun sha ji a wa'azi yadda aka tsayar da Sayyadina Umar yana huɗuba kan yadin rigarsa, sai da aka yi bayanin inda ƙarin ya fito.

Doka ma tana bayan wannan fassarar. Tun 2011 shugaban ƙasa na lokacin Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, ka rubuta wa ma'aikatar gwamnati takardar neman bayani kwana 7 ke gare su su amsa. Sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ya ba 'yan mazaɓa damar dawo da ɗan majalisarsu gida, wanda aka gwada wa Sanata Dino Melaye a Kogi abin ya wargaje wajen tantance sa hannu a 2018. Af, ku lura wannan ɗin mun riga mun samo masa suna, kiranye, kalmar asirin da ake yi wa wanda ya yi nisan zango don ya dawo gida, duk wanda ya fara aro ta ya iya Hausa gaskiya. Irin wannan dacen nake nema. Sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, to ciyaman fa ya za mu ce masa? Ka riƙe amana, ko fito ka ba da ba'asi?

Na san wani zai ce ba'asi yana warin caji ofis, kamar an kama ɓarawo. To ni wannan ɗan zafin ne ma ya sa nake sonta.

Saura rubutun, ba'asi ko bahasi, ina ganin duka biyun a jaridu. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma ku faɗa mana me rediyonku ke cewa in sun zo fassara ta daga Faransanci.