Musayar waƙa: wa ke da ikon tsige mai riƙe da makullin littattafai?

Mushe na Birni:
Salamu alaikum ƴan zaure. A Amurka shugaban ƙasa ke zaɓar mai kula da babban ɗakin karatu na majalisa, ƴan majalisar dattawa su tabbatar. Carla Hayden ta hau a 2016 da ƙuri'a 74, dokar 2015 ta ba ta shekara 10, amma Trump ya tsige ta ranar 8 ga Mayu 2025 da saƙon imel. Abin ya tsaya mini a rai.

Gidan littafi na majalisa ne tun kafawa,
Su ne suka ce Hayden ta cancanci hawa,
In naɗi sai ya bi ta gaban dattawa,
Me ya sa ranar tsigewa ba a nemi kowa?

Ɗan Zango:
Mushe ka bar alli ka faɗa siyasa,
Mai ɗaura rawani shi ke sauke shi ƙasa,
Tun 1802 shugaban ƙasa ke naɗa nasa,
Je ka kaɗe ƙurar kabad ɗinka, littafi ya ƙosa.

Hajiya ta Sabon Gari:
Allah ya ƙara basira Mushe! Ɗan Zango, wannan hayaniyar tasha ce.

Mushe na Birni:
Ƙanena ka karanta rabi ka rufe shafi,
A 1897 dattawa suka samu ƙarfi,
Wa'adin goma in imel ɗaya ya fi shi kaifi,
To doka ta zama rumbun da ba shi da rufi.

Malam na Garin Malam:
Ku dakata. Ɗan Zango, faɗi 1802 da baki: dubu ɗaya da ɗari takwas da biyu. Ɗangon nan ya ninka ƴan'uwansa, karin ya karye. Mushe ma haka ya yi da 1897. Lamba ba ta ɓoye gaɓa.

Ɗan Zango:
Baba Malam, ai rerawa nake, ba awon gero ba.

Malam na Garin Malam:
To rera mu ji inda numfashi zai yanke maka. Kuma "littafi ya ƙosa" don ƙafiya kawai ka jawo shi.

Hajiya ta Sabon Gari:
Malam, laifin Ɗan Zango ya fi yawa, na Mushe tuntuɓe ne.

Ɗan Zango:
Hajiya alƙaliyar da ta zo da hukunci a jaka,
Kowa ya san Birni ne gidan kakanki da kaka,
Billington da Hayden ta gada ya yi shekara ashirin da takwas yana ta saƙa,
Ina majalisar taku ta ce masa ya isa haka?

Hajiya ta Sabon Gari:
Yaro ka taɓo kakannina, to ka tsaya,
Zaman Billington ne ya sa aka yanka iyaka baya,
Mace ta farko, baƙar fata, ta ɗauki kaya,
Saura shekara guda da ƴan watanni aka tare mata hanya.

Malam na Garin Malam:
Na ƙarshen ya yi ɗingishi, Hajiya, kuma "hanya" da "kaya" ba su zauna daidai ba.

Mushe na Birni (bayan kwana biyu, wuta ta hana ni caji):
Mu Damagarawa mun san zafin tuɓe rawani,
Nasara ya kori Sarki Amadu Ɗan Bassa a wancan zamani,
Bai tara masu zaɓen sarki ba, bai nemi bayani,
Shi ya sa tsigewar Hayden ta dame ni.

Malam, 1906 ce shekarar, na fitar da ita waje don kada ka kama ni. Ra'ayina bai sake ba: waɗanda suka tabbatar da mutum su za a koma wa kafin a sauke shi.

Ɗan Zango:
Yaya Mushe, sarauta daban, aikin biro daban. Baitina na nan tafe bayan isha'i, Baba Malam ya tanadi ma'auninsa.