Neman shawara: an ɗora mini rubuta tarihin ƙauyenmu na bakin tafki, gidaje biyu sun sa ni a tsakiya

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin damuwa, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su taimaka mini. Ƙauyenmu ƙarami ne, yana bakin tafki, kuma birni ya matso har ya kusa haɗiye shi, ta yadda yanzu yawancin mazaunansa ma'aikata ne masu fita da safe su dawo da dare. Kwamitin ci gaban ƙauye ya ɗora mini rubuta tarihin wurin saboda ni malamin makaranta ne, kuma saboda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar wani littafi da ya cika da sunayen masunta, da wuraren ɗaure kwale-kwale, da shekarun da ruwa ya yi ambaliya. Littafin ya sha ruwa ta gefe ɗaya, tawadar shafukan farko ta bazu, kuma marigayin laƙabin mutum yake rubutawa a maimakon sunansa, shi ya sa na daɗe ina bin tsofaffi ina tambayar wane ne wane. Matsalar ita ce akwai gidaje biyu da kowannensu yake cewa kakansa ne ya fara saran daji a bakin ruwan, kuma kowanne ya aiko mini cewa kada in kuskura in rubuta akasin haka. Kwamiti kuma yana son littafin kafin taron shekara. Yaya zan yi?

Tsohon malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka cika mu da labarin tawada, amma ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: tafkin nan halittacce ne, ko kuwa madatsar ruwa ce ta haifar da shi? Idan na madatsa ne, to mai yiwuwa ƙauyen da kake gani ba shi ne na asali ba. Lokacin da aka kammala madatsar Akosombo a Ghana a 1965, an tashi mutane kimanin 80,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. A madatsar Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe an tashi 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000, kuma tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968. Irin wannan tashi yakan bar takardun diyya da jerin sunayen masu gidaje, kuma su ne za su raba maka gardama. Idan kuwa halittacce ne, ka sani cewa tambayar wanda ya fara zama ba ta da amsar da za ka iya tabbatarwa. Jan Vansina, masanin tarihin baka ɗan ƙasar Beljiyam, ya nuna cewa al'umma takan riƙe labarin kakanni na kusa dalla-dalla, ta kuma riƙe labarin kafuwa, amma abin da yake tsakani yakan ɓace, sai a haɗe farko da ƙarshe kamar babu giɓi. Saboda haka ka rubuta ruwayoyin biyu, kowace da sunan gidan da ya ba da ita, ka bar hukunci.

Wata 'yar'uwa daga cikin sababbin mazauna irin wannan wuri:
Malam, ni abin da ya ba ni takaici a bayaninka shi ne ba ka ambaci baƙi ba sai da cewa suna fita da safe su dawo da dare. Mu ma a inda muke haka ake yi mana: idan ana tara kuɗin gyaran hanya mu 'yan gari ne, idan ana maganar bakin ruwa kuma sai mu koma baƙi. 'Ya'yana a can aka haife su, ba su san wani gida ba, amma ranar da ɗana ya je wanka a tafki wani dattijo ya kore shi da cewa ba gadon ubansa ba ne. Idan za ka rubuta tarihin al'umma, ka ware mana babi.

Mai neman shawara:
Baba, na gode. Tafkin halittacce ne. Amma rubuta ruwayoyi biyu ba zai yiwu ba, domin kwamiti tarihi ɗaya ya nema, kuma littafin mahaifina ya fi karkata ga gida ɗaya, ni kuwa ban taɓa sanin marigayin da ƙarya ba. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ba raini ba ne, sai dai aikin da aka ba ni na asalin ƙauye ne.

Wani tsohon masunci:
Ku kuna ta faɗa a kan wanda ya fara zuwa, ruwan kuwa yana mutuwa. A namu tafkin, tun da gidaje suka yi yawa aka juyo da magudanun ƙazanta cikinsa, ruwan ya koma kore, kainuwa ta rufe mashigar jirage, kuma da asuba sai ka tarar da kifi ya taso ciki sama. Na kai kuka wurin hukuma har na gaji, ba wanda ya leƙo. Shawarata ita ce ka ajiye maganar kakanni, ka rubuta abin da tafkin yake a da da abin da ya zama, ko masu iko za su ji kunya.

Tsohon malamin tarihi:
Abin da masunci ya bayyana sananne ne: sinadarin fosfaras da nitirojin na cikin ƙazanta suna ciyar da gansakuka, idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi yake shaƙa. Yana da magani, domin tafkin Washington da yake gefen Seattle a Amurka ya shiga wannan hali, aka karkatar da magudanun daga 1963 zuwa 1968, ruwan ya sake yin garau. Amma wannan babi ɗaya ne, ba littafin duka ba. Ɗana, komawa gare ka, ba wanda ya ce mahaifinka maƙaryaci ne, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Wa ya faɗa masa? Sannan ka nemi shaidar da ba ta da dangi. Hotunan tauraron leƙen asirin Amurka na shirin CORONA, waɗanda aka ɗauka daga 1960 zuwa 1972, an buɗe su ga jama'a a 1995, kuma a wasunsu ana iya gane gidaje. Na Landsat, wato taurarin ɗan'adam na Amurka masu nazarin doron ƙasa, sun fara daga 1972, kyauta ne tun 2008, sai dai su gaɓar ruwa za su nuna maka, ba ɗakuna ba. Kuma ka riƙa ganin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, kana naɗar murya da izininsu, domin idan ka tara su, mai babbar murya ne zai yi magana sauran su gyaɗa kai.

Wani ɗan'uwa ma'aikacin safiyo:
Ni ban yarda a buga ruwayoyin ba, ko ɗaya ko biyu. Filin bakin ruwa a gefen birni yana da tsada, kuma na sha ganin an kawo irin waɗannan littattafai gaban alƙali a matsayin hujja. Malam, shin akwai shari'ar fili tsakanin gidajen nan? Kuma kana da dangantaka da ɗayansu?

Mai neman shawara:
Akwai magana a kan wani fili kusa da tsohuwar mashaya, amma ba ta kai kotu ba tukuna. Goggona tana aure a ɗaya daga cikin gidajen, sai dai wannan bai shafi aikina ba, kuma kwamiti ya san haka kafin ya zaɓe ni. Hotunan da Baba ya ambata ba za su kai zamanin da ake jayayya a kai ba, saboda haka ban ga amfaninsu a nan ba. Abin da nake nema shi ne yadda zan tsara zancen yadda ɗaya gidan ba zai fusata ba.

Tsohon malamin tarihi:
To, da ka faɗi batun goggonka da na filin tun farko, da ba mu wahalar da kanmu ba. Ka mayar wa kwamiti aikin, ko ka nemi a haɗa ka da marubuci daga ɗaya gidan.

Mai neman shawara:
Ba zan iya mayarwa ba, Baba, domin an riga an sanar, kuma na rubuta babi na farko. Ko akwai wanda zai duba mini shi kafin taron?